Uba, Ka San Filin da Ɗanka Yake Wasa?

 

Jama'a masu sauraro, na Diko da Maje da Lambata da Izom da Gawu, har cikin garin Suleja, yau maganata da iyaye maza ce, ni ma ina cikinsu, don Allah Ya ba ni 'ya'ya maza ƙanana waɗanda babu abin da ya shiga ransu kamar ƙwallo. Da la'asar sakaliya, duk filin makaranta da duk kangon da ba a gina ba za ka tarar da yara sun kafa duwatsu biyu sun mai da su raga. Tambayata ita ce: a cikinmu wa ya taɓa zuwa ya tsaya a gefen filin nan?

Mun kasu biyu. Akwai uban da ya ce ƙwallo shashanci ce, da ya ga yaro da ita sai bulala. Yaron bai daina ba, ya dai koyi ɓuya da ƙarya. Akwai kuma wanda ya sake shi sakaka, ya fita tun hantsi ba wanda zai tambaye shi sai dare. Dukansu biyu abu ɗaya suka yi: sun bar yaro shi kaɗai da abin da ya fi so a duniya.

Addininmu bai yi gaba da motsa jiki ba. Ya inganta cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya shirya tseren dawaki a Madina, ya kuma bar mutanen Habasha suna wasa da mashi a masallacinsa ranar idi. Malaman tarihi sun kawo labarin yara biyu, Rafi'u ɗan Khadij da Samura ɗan Jundub, ranar fita Uhudu: an karɓi Rafi'u saboda ya iya harbi, aka mai da Samura don ƙuruciya, sai ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u. Annabi ya sa suka yi kokawa a gabansa, Samura ya yi kaye, aka karɓe shi. Ku lura, jama'a: shugaban halitta ya tsaya ya kalli kokawar yara, ya san ƙarfin kowannensu. Mu ma a nan mun tashi da langa da kokawa a dandali, dattawa na zaune suna gani, suna raba faɗa, suna tsawatar wa mai zagi. Wasan bai ɓaci ba sai da dattawa suka tashi daga wurin.

To me uba zai gani idan ya je? Zai ga halin ɗansa tsirara, irin wanda ba ya fitowa a gida. Zai ga ko yana ba abokinsa ƙwallo ko shi kaɗai yake son ci. Zai ji ko yana ashar idan an taɗe shi, ko yana yi wa alƙalin wasa rashin kunya. Zai ga yadda yake ɗaukar kaye da yadda yake ɗaukar nasara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba ka tanƙwara abin da hannunka bai kai gare shi ba. A Diko, Bahaushe da Bagwari da Bafillace, Musulmi da Kirista, fili ɗaya 'ya'yansu suke haɗuwa. Nan ne wurin koya wa yaro haƙƙin maƙwabci da adalci ga wanda ba addininku ɗaya ba.

Sai ka gindaya masa iyaka. Ta farko salla. Annabi ya umarce mu da mu sa yara salla tun suna shekara 7. A yi la'asar kafin a shiga fili, a tashi kafin kiran magariba. Wando ya rufe gwiwa. Makarantar allo ko Islamiyya da aikin gida na boko su riga wasa. Sannan ka san kocin: waye shi, ina gidansa, wa ya ba shi yara? Kada ka miƙa ɗanka ga mutumin da ba ka taɓa gaisawa da shi ba, kuma kada a tafi da shi wani gari wasa a kwana ba da saninka ba.

Daga fili kuma akwai ƙofofi uku da yara ke faɗawa. Ta farko gidan kallo. Wasannin Ingila na ƙarshen mako sukan faɗo daidai la'asar da magariba a agogonmu, na zakarun Turai kuma sai wajen ƙarfe 8 ko 9 na dare, a tashi an doshi sha ɗaya. Yaro ɗan shekara 10 ba shi da abin yi a can cikin samari da hayaƙin taba. In wasan ya zama dole, ku kalla tare, ku tashi ku yi salla tare.

Ta biyu caca. Yanzu ba sai an je shago ba, tana cikin wayar hannu. Ana ce mata hasashe ko gwada sa'a, amma caca ce, kuma Allah Ya haɗa ta da giya wuri guda a Suratul Ma'ida, aya ta 90, Ya umarce mu da nisantarsu. Yaron da ya fara da naira 100 ta karin kumallo, gobe kuɗin makaranta zai sa, jibi ya taɓa na mahaifiyarsa.

Ta uku ƙwaya. Ana ruɗin yara cewa tramadol na hana gajiya a fili. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum kusan miliyan 14 da dubu 300 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Waɗannan miliyoyin duk 'ya'yan wasu ne.

Wani zai ce, Malam, ai ƙwallo sana'a ce, ga Ahmed Musa. Gaskiya ne. Ya yi wasa a Kano Pillars, ya tafi Holan da Rasha da Ingila, ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ci Aisland biyu a 2018, ya kuma gina cibiyar wasanni a Kano. A jiharmu ma Niger Tornadoes ta Minna ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2000. Amma a bayan kowane Ahmed Musa akwai dubban da ba su kai ba, wasu gwiwa ta kwance musu tun suna samari. Wanda ke da karatu ko sana'a ya koma ga abinsa, wanda aka cire daga makaranta ya koma bakin titi. Kuma ku yi hattara da dillalan da ke cewa a sayar da gona za su kai yaro Turai. Dokar FIFA ta hana a sauya wa yaron da bai kai shekara 18 ba ƙungiya zuwa wata ƙasa, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa. Haka rage wa yaro shekaru a takarda: ƙarya ce, kuma uban da ya sa hannu ya koya wa ɗansa cewa da ha'inci ake ci gaba.

'Yan'uwa, mu mutanen bakin hanya ne, motocin Abuja da Kaduna da Minna ta gabanmu suke wucewa dare da rana. Ba mu manta ranar 18 ga Janairun 2025 ba, da tankar mai ta kama da wuta a mahaɗar Diko, mutum fiye da 80 suka rasu. Allah Ya ji ƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Ran nan kowane gida tambaya ɗaya ake yi: ina yarana? Kada mu jira sai an yi masifa kafin mu yi wannan tambaya. Annabi ya gaya mana kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ba koci za a tambaya ba, ba mai gidan kallo ba, kai za a tambaya.

Saboda haka a wannan makon, ɗan kasuwa da direba da manomi da ma'aikacin da ke sammakon zuwa Abuja, kowa ya ware yamma ɗaya ya bi ɗansa fili. Ka gaisa da koci, ka san abokansa, ka yaba masa in ya yi kyau, in zai sha gyara ka bari sai kun koma gida. Masu unguwanni da limamai kuma su taimaka a tsare wa yara filayensu kada a yanka su a sayar.

Allah Ka shirya mana zuri'a, Ka ba su lafiyar jiki da tsarkin zuciya, Ka tsare su daga caca da ƙwaya da mugun aboki, Ka ba mu ikon sauke amanarsu.