Tunatarwa Ga Ma'aikatan Fasahar Zamani: Manhaja Na Mutuwa, Mai Rubuta Ta Ma Haka

A shekarar 2007, cikin kowace waya goma da aka sayar a duniya kusan huɗu na Nokia ne. Injiniyan da ya ƙware a manhajar Symbian a lokacin zawarcinsa ake yi, garin Salo na ƙasar Finland kuwa, inda kamfanin ke haɗa wayoyi, arziki ya zauna masa. A 2011 kamfanin ya sanar zai bar Symbian. A 2012 aka daina haɗa waya a Salo. A 2014 Microsoft ya kammala sayen sashen wayoyin, kuma a watan Yulin shekarar ya ce zai sallami ma'aikata 18,000, kimanin 12,500 daga cikinsu mutanen Nokia ne. Shekara bakwai kacal tsakanin sarauta da sallama.

BlackBerry, wadda a dā sai wane da wane ke riƙe ta, an kashe hidimar tsofaffin wayoyinta a Janairun 2022. Manhajar Flash, wadda dubban mutane suka ci abinci da ita wajen zane da wasannin intanet, Adobe ya binne ta a ƙarshen 2020. Mu ma nan mun gani da idonmu: ina shagunan kafe da ake bin layi a sayi awa guda ta intanet? Mai gyaran waya a Farm Centre ta Kano da ya yi suna a zamanin waya mai madannai, in bai sake zama ɗalibi ba, tuni kasuwa ta wuce shi. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

'Yan uwa, babu sana'ar da ke nuna wa mai ita ƙarewar abubuwa kullum kamar wannan. Ya kamata a ce ma'aikacin fasaha ya fi kowa tuna mutuwa. Abin takaici, sau da yawa shi ne ya fi kowa shagala, domin tsoron kada a bar shi a baya ya cinye masa tsoron ranar da zai bar komai.

Tsoron nan yana da tushe. A Nuwamban 2022, kwanaki kaɗan bayan Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44, aka sallami kusan rabin ma'aikatan kamfanin. Ofishinsa na Accra, wanda shi kaɗai gare shi a Afirka, kusan kowa a cikinsa ya rasa aiki, alhali a makon ne suka tare a ciki. A cikin wannan watan na Nuwamba dai Meta ya sallami 11,000. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000. Wasu sun wayi gari ne kawai suka tarar an toshe musu hanyar shiga kwamfutar aiki kafin ma saƙon sallamar ya iso. Baƙin da ke aiki a Amurka da bizar H-1B kuwa, kwana 60 doka ta ba su: ko su sami wani aikin, ko su tattara iyali su bar ƙasar. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, kowa na tambayar kansa ko aikinsa zai kai baɗi.

Yaya mutane ke jure wannan? Wasu sukan koyi sabuwar fasaha, su yi tanadi, su riƙe zumunci da abokan aiki. Injiniyoyin Nokia da dama sun kafa ƙananan kamfanoni da tallafin da aka ba su lokacin sallama. Wannan neman halal ne, abin yabo. Amma akwai wata juriyar da ke cin mai ita. A China an san tsarin 996: ƙarfe tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako, har sai da kotun ƙolin ƙasar ta bayyana a 2021 cewa ya saɓa wa doka. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa a 2016 mutum 745,000 sun mutu da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Matasanmu masu yi wa kamfanonin waje aiki daga gida sun san wannan hali: dare ya zama rana saboda bambancin agogo, Asuba ta kuɓuce, mahaifiya tana unguwa ɗaya da kai amma sai an yi wata ba ka leƙa ta ba. Kullum amsar ɗaya ce: "Bari in miƙa aikin nan tukuna." Aikin nan kuwa ba ya ƙarewa, kwanakin ne ke ƙarewa.

Ku duba manyan fagen. Steve Jobs ya rasu ranar 5 ga Oktoban 2011 yana da shekara 56, duk dukiyarsa da likitocinsa ba su ƙara masa kwana ɗaya ba. Susan Wojcicki ta ajiye shugabancin YouTube a Fabrairun 2023 tana cewa za ta kula da iyali da lafiyarta. A Agustan 2024 ta rasu, ita ma tana da shekara 56. Wata goma sha takwas ta samu. Kai da ke cewa sai ka tara ka huta, wa ya ba ka tabbacin ko wata ɗaya?

Mako guda bayan rasuwar Jobs, aka tsinci gawar Dennis Ritchie a gidansa a jihar New Jersey, yana da shekara 70. Duniya ba ta yi hayaniya ba. Amma shi ne ya ƙirƙiro harshen C a farkon shekarun 1970, kuma shi da Ken Thompson suka gina Unix. Har gobe akwai burbushin aikinsa a cikin wayar da ke hannunka. Kamfanoni sun tashi sun faɗi, ilimin da ya bari yana ta amfanar mutane. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa ilimi mai amfani na cikin abin da ladansa ba ya yankewa ga mumini. Ashe kuwa wanda Allah ya ba wannan sani yana da babbar dama, in ya gyara niyya.

Don haka, ɗan uwa, 'yar uwa, a ci gaba da koyo, amma a sa wa aiki iyaka. In an kira salla a rufe kwamfuta. A je asibiti a auna jini tun kafin a faɗi. A zauna da 'ya'ya tun suna marmarin zama da mu. A koya wa na ƙasa abin da aka sani ba tare da ƙyashi ba, domin abin da ka ɓoye yau, jibi ya zama tsohon yayi. A rubuta wasiyya: bashin da ake bin ka, kuɗin aikin da ka karɓa ba ka kammala ba, lambobin sirrin mutane da ke hannunka. Amana ce, kuma za a tambaye ka. Wanda aka sallama kada ya yanke ƙauna; kamfani sanadi ne kawai, mai azurtawa yana nan. Wanda ke kan kujera kuma ya tausaya wa na ƙasa da shi, domin kujerar aro ce.

Kamfani kan ba da sanarwa, wani lokaci har da kuɗin sallama. Mutuwa ba ta aiko da saƙo. Allah Ya sa wa kwanakinmu albarka, Ya ba mu halal mai isarwa, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.