Wasiƙar Irmiya Ga 'Yan'uwanmu Da Ke Baƙunci

A wannan fitowa hankalinmu ya koma ga iyalanmu waɗanda neman abinci ya kai su Fatakwal da Anacha da Inugu: masu gadi, masu sayar da doya da albasa, direbobi, sojoji da 'yan sanda, waɗanda ke taruwa ran Lahadi su yi sujada da Hausa nesa da gida.

Kayan da suke ɗauke da shi riɓi biyu ne. A unguwar Hausawa, bangaskiyarsu ta bambanta su da yawancin maƙwabta. A idon ɗan gari kuwa, duk wanda ya fito daga Arewa Bahaushe ne, ko sunansa Bulus ko Bala. A watan Fabrairu 2006, bayan rikicin Maiduguri inda aka ƙone majami'u, ramuwar gayya ta ɓarke a Anacha. Masu gudu suka haye gadar Kwara zuwa Asaba, waɗansu suka fake a barikin soja, ba kuwa wanda ya tsaya tambayar mai gudu ko an yi masa baftisma. A Oktoba 2020 tashin hankali ya taɓa 'yan Arewa a Oyigbo, kusa da Fatakwal. Daga Agusta 2021 kuma, zaman gida na tilas ran Litinin ya riƙa cinye wa mai ƙaramin jari yini guda kowane mako. Ga kuɗin haya, ga na makaranta, ga iyaye a gida suna jiran aike. Mai bi yakan tambaya a zuciyarsa, ina Allah yake?

Littafi Mai Tsarki ya san wannan tambaya. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashi mutanen Yahuza zuwa Babila. Wani annabi mai suna Hananiya ya tashi a Haikali ya ce cikin shekara biyu za su komo, har ya karya karkiyar itace da ke wuyan Irmiya domin ya tabbatar da zancensa (Irmiya 28). Maganar ta yi daɗin ji, amma ba Ubangiji ya aiko shi ba, a shekarar nan kuwa ya mutu. Irmiya kuma ya aika wa kamammun wasiƙa, ya ce sai shekara 70 sun cika. Ya umarce su su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su kuma yi wa birnin addu'a, gama zaman lafiyarsu yana ɗaure da nasa.

Da yawa cikinmu mun haddace Irmiya 29:11, inda Allah ya tabbatar cewa nufinsa a kansu na alheri ne. Sai dai mukan tsallake aya ta 10, mai zancen shekara 70. Yawancin waɗanda suka fara jin alkawarin a Babila aka binne su, duk da haka Allah bai yi ƙarya ba. Jikokinsu sun komo, bangaskiyar da suka riƙe a baƙunci kuma ita ce suka bar musu gado.

Saboda haka mu yi hankali da Hananiyan zamaninmu, masu sayar da mai da ruwan addu'a, suna cewa wahala za ta ƙare kafin ƙarshen wata in an ba da kuɗi. Idan watan ya wuce ba canji, sai mutum ya rasa kuɗinsa, ya kuma soma shakkar Allahnsa.

Mu kai kukanmu ga Ubangiji yadda yake, ba rufa-rufa. Zabura 137 kukan masu baƙunci a Babila ce, Allah kuwa bai hana ta shiga littafinsa ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma kada wannan ya sa mu yi shekara ashirin a gari da kaya a ƙulle. Mu sa yara a makaranta, mu koyi gaisuwar mutanen gari, mu riƙe amanar mai gida, mu zauna lafiya da maƙwabcinmu Musulmi wanda muke gudu tare da shi ranar tashin hankali. Mu yi wa garin addu'a da sunansa a sujadar iyali.

Hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka. Bulus ya gargaɗi Galatiyawa su taya juna ɗaukar nawaya. Idan rumfar ɗan'uwa ta ƙone, ko gwauruwa ta kasa biyan haya, dattawa da zumuntar mata kada su jira sai an roƙe su. Ku ikkilisiyoyin gida kuma, ku riƙa tambayar lafiyar 'ya'yanku na Kudu, ba sai ranar da kuke neman gudummawar gini ba.

Allah wanda ya kasance tare da Daniyel a Babila yana nan a Fatakwal da Anacha da Inugu. Bari ya kiyaye fitarku da shigarku, ya ba ku jimiri har ƙarshe. Amin.