Tsabar da Ta Rage a Faranti

A gidajen abinci na birnin Rum, mai hidima ba ya kawo takardar kuɗi sai an nema, domin kawo ta ba a tambaya ba tamkar ce wa mutum ya tashi ne. Amma da zarar an nema, aka ajiye ta a ɗan faranti, nan take ake gane ɗan gari da matafiyi. Ɗan gari zai duba jimilla, ya biya, wataƙila ya bar tsabar da ta rage, ya miƙe abinsa. Matafiyi kuwa sai ya yi jim yana lissafi a zuci, yana satar kallon teburin kusa. In ya bar kaɗan, za a ce marowaci ne? In ya bar da yawa, za a ɗauke shi gaula? Maganar yuro biyu ce ko uku, amma a ƙarƙashinta akwai wata tsohuwar tambaya: abin da aka ba mutum bayan an biya kuɗin aikinsa, kyauta ce, ko kuwa bashi ne da aka yi wa kwalliya?

Kafin a amsa, ya kamata a karanta takardar kanta. A yawancin biranen Italiya akwai wani layi da ake rubuta wa coperto, wato kuɗin zama da shimfiɗar teburi da burodi, yuro biyu ko uku a kan kowane mutum. Wannan na mai gidan abincin ne, ba ya shiga aljihun wanda ya yi ta zirga-zirga da faranti. Yankin Laziyo, inda Rum take, ya hana karɓarsa da wata doka ta shekarar 2006, sai dai masu gidajen abinci da yawa sun sauya masa suna kawai, suka koma cajin kuɗin burodi. Wani lokaci kuma akan ga servizio, kuɗin hidima, kashi 10 ko fiye cikin 100, musamman a wuraren da 'yan yawon buɗe ido ke cunkoso. Inda aka rubuta shi, an gama magana. Inda ba a rubuta ba, al'adar gari ita ce a cike kuɗin: wanda aka caza yuro 47 ya ba da 50, direban tasi a bar masa 'yar canjin da ta saura. Wanda bai bar komai ba kuma, babu mai bin sa da harara har bakin ƙofa.

Mutanen Italiya suna kiran wannan ɗan alheri mancia. Masana harshe sun ce kalmar ta samo asali ne daga kalmar Faransanci mai nufin hannun riga, tun zamanin da mace kan ba jarumin da ta zaɓa hannun rigarta ya ɗaura a filin wasan dawaki. Hannun riga ba ya sayen komai. Shaida ce kawai cewa an ga mutum, an kuma yaba. Bahaushe ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba, don yana da tukuici. Wanda aka aiko da kyauta akan ba shi ɗan wani abu, kuma kowa ya san ba kuɗin kyautar aka biya ba, ba kuma ladan tafiyarsa ba. Har ma masu iya magana suka ce yaba kyauta tukuici, wato kalmar baki kaɗai tana iya tsayawa a madadin kuɗin. Abin da yabo zai iya maye gurbinsa kuwa, ba farashi ba ne.

A Amurka lamarin ya sha bamban. Dokar tarayya ta yarda a biya mai hidimar da ke samun tukuici dala 2.13 a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, bisa sharaɗin cewa masu cin abinci za su cike gibin. Don haka kashi 15 zuwa 20 cikin 100 da ake bari a can albashi ne da aka ɗauke daga wuyan mai gida aka ɗora wa baƙo. Wanda ya hana, ya ci gumin wani. A Italiya kuwa albashin mai hidima yana cikin yarjejeniyar ƙasa da ƙungiyoyin ƙwadago ke ƙullawa da masu sana'ar, har da albashin wata na 13 da na 14. Kuɗi iri ɗaya ne, hannu iri ɗaya ne, amma maganar da suke faɗa a ƙasashen biyu ba ɗaya ba ce.

A nan ne nake ganin matafiyin da ya zo Rum da lissafin garinsu yake kuskure, duk da kyakkyawar niyyarsa. Masanin zamantakewa ɗan Faransa, Marcel Mauss, ya nuna a littafinsa na 1925 a kan kyauta cewa babu kyautar da ke tafiya ita kaɗai: tana jawo wajabcin karɓa, tana kuma jawo wajabcin ramawa. Mai hidima ba shi da abin da zai rama da shi sai ladabi da rawar jiki. Idan tukuicin ya yi girma har ya zama abin dogaro, sai murmushinsa ya koma haja, ya fara auna mutane tun daga bakin ƙofa, yana tantance wanda zai ba da yawa. Tsohon da ya shekara talatin yana cin taliyarsa a gida ɗaya a unguwar Trastevere, yana barin tsaba biyu kamar yadda ya gada, sai ya wayi gari ya zama ɗan kallo a unguwarsa. Mai gida kuma ya sami hujjar ƙin ƙara albashi. Baƙo raɓa ne, gobe ya wuce, amma farashin da ya kafa yana nan yana jiran waɗanda ba su da inda za su.

Sai dai wannan hujja tana da daɗi a bakin marowaci fiye da kima, kuma duk hujjar da ke barin kuɗi a aljihun mai kawo ta ta cancanci a sake duba ta. Yarjejeniyar albashi tana kan takarda. Ba kowa take rufewa ba. Italiyawa da kansu suna da sunan da suke kiran aikin da ba rajista, lavoro nero, baƙin aiki, kuma sana'ar abinci na cikin inda ya fi yawa. Wanda ya leƙa kicin a Rum zai iske 'yan Bangaladash da Misirawa masu yawa a bakin murhu da wurin wanke-wanke, ga kuma matasan da ake ɗauka don damina ɗaya ta baƙi a sallame su. Matafiyi ba shi da hanyar sanin ko wanda ke tsaye a gabansa yana da albashin wata na 14 ko kuwa ana biyansa a hannu ne kowane dare. Cewa "ai ana biyansu" ba ya wanke kowa.

To, ina mafita? A ganina tana cikin bambanta kaso da zaɓi. Kaso lissafi ne da na'ura ma za ta iya yi. Ba ya ganin wanda ya yi haƙuri da baƙon da bai iya harshe ba, ko wanda ya faɗa masa gaskiya cewa kifin yau bai kai na jiya ba. Zaɓi kuwa sai an kalli mutum. Wanda ya ga an kyautata masa ya bar yuro biyar, ko goma in teburin babba ne, ya faɗi godiya da bakinsa. Ya fi kyau ya bar tsaba ko takarda a hannu, domin na'urorin katin banki da yawa a can ba su da gurbin ƙara tukuici, kuma abin da ya bi ta asusun mai gida ba a san inda zai tsaya ba. Ita kanta hukuma ta amince cewa kuɗin na ma'aikaci ne: tun 2023 harajin kashi 5 cikin 100 kawai ta ɗora wa tukuicin ma'aikatan otal da gidajen abinci.

Akwai wata al'ada guda da ta fi wuyar hukunci. A shagunan gahawa na Rum da Napoli, mutum kan fara biya wurin kashiya, ya karɓi rasit, ya je kanta ya ajiye shi, sau da yawa da santim 10 ko 20 a kai. Tsabar tana zuwa ne kafin gahawar. Mai tsaurin ra'ayi zai ce abin da aka bayar kafin aiki don a lura da kai, ɗan'uwan cin hanci ne, kuma da gaskiyarsa ta wani ɓangare: da safe, lokacin da kanta ta cika, rasit mai tsaba yakan riga wani shiga ido. Amma cin hanci yana son duhu, yana kuma sayen abin da ba haƙƙinka ba. Wannan tsaba a fili take, ba ta isa sayen ko rabin kofi ba, kuma wanda bai ajiye ba shi ma zai sha gahawarsa da zafinta. Ta fi kama da sallama.

A Napoli ma sun wuce nan. Suna da abin da suke kira caffè sospeso, gahawar da aka rataye: mutum ya sha kofi ɗaya ya biya kuɗin biyu, na biyun ya zauna a wurin mai shago har wani da ba shi da hali ya shigo ya tambaya ko akwai. Mai bayarwa ya riga ya fita, mai sha bai san fuskarsa ba, mai shagon da ke tsakaninsu kuwa ba shi da komai a ciki sai riƙon amana.