Shin Dokoki Goma ne Tushen Dokar Ƙasa?

Akwai wata gardama da ba ta tsufa a tsakanin ɗalibai, musamman idan dare ya yi, an gaji da karatu. Wani zai ce dokar da kotunanmu ke aiki da ita dokar Nasara ce, don haka daga Littafi Mai Tsarki aka tsamo ta. Wani kuma ya amsa da alfahari, ya ce ai haka ne, duk dokar zamani jikanyar Dokoki Goma ce da aka bai wa Annabi Musa. Abin mamaki shi ne, su biyun magana ɗaya suke yi, illa dai ɗaya yana kuka da ita, ɗaya yana taƙama. A wannan ɗan rubutu muna so mu auna maganar, mu ga nauyin gaskiyar da ke cikinta.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja, kuma bai kamata mu raina ta ba. Sarki Alfred na Ingila, wanda ya rasu a shekarar 899, ya buɗe kundin dokokinsa da Dokoki Goma. A 1676 babban alƙali Matthew Hale ya yanke hukunci cewa addinin Kirista wani yanki ne na dokar Ingila, saboda haka wanda ya zage shi ya taɓa hukuma. Shekaru aru-aru kotunan coci ne ke kula da aure da wasiyya a wannan ƙasa. Da yake dokar Ingila ce Turawa suka kawo mana, har aka sa ranar 1 ga Janairu, 1900 ta zama iyakar dokokinta da za mu gada, ba abin mamaki ba ne mu ji ƙanshin coci a wasu sassan dokarmu. Hutun Lahadi yana nan. Haka kuma auren rajista na mace ɗaya, wanda wata kotun Ingila ta bayyana ma'anarsa a 1866 bisa fahimtar ƙasashen Kirista.

To amma masu iya magana sun ce kama da wane ba wane ba ce. Bari mu jera dokokin nan goma kamar yadda suka zo a littafin Fitowa, sura ta 20, mu tambayi kowacce ko tana da kujera a kotu. Na farkonsu sun shafi kaɗaita Ubangiji, da barin gumaka, da tsare alfarmar sunansa, da kiyaye ranar hutu. Dokar ƙasa ba ta tilasta wa kowa kaɗaita Allah; hasali ma sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sauya shi, sashe na 10 kuma ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Girmama iyaye wajibi ne da kowane ɗan halak ya sani, amma alƙalin majistare ba ya ɗaure mutum don ya ƙi gaida mahaifinsa. Doka ta ƙarshe kuwa, wadda ta hana ƙyashin abin maƙwabci, ba ɗan sandan da zai iya binciken ta, domin mazauninta zuciya ce. Waɗanda suka rage, kuma kowace kotu ta yarda da su, uku ne: hana kisan kai, da hana sata, da hana shaidar zur.

Waɗannan ukun kuwa ba al'ummar da ta taɓa zama lafiya ba tare da su ba. Hammurabi, sarkin Babila, ya sa an sassaƙa dokoki kusan 282 a jikin dutse wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a cikin na farko-farkonsu akwai hukuncin mai ƙazafin kisa da mai shaidar ƙarya. Rumawa sun rubuta Allunansu Goma Sha Biyu wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, ba su taɓa jin labarin dutsen Sinai ba. Maguzawan ƙasar Hausa ma ba su bar ɓarawo ya sha ba. Wanda ya yi imani yana iya cewa Mahalicci ne ya dasa wannan sani a zukatan bayinsa baki ɗaya, kuma ba mu da ja a kan haka. Sai dai wannan ya nuna cewa hanin ya riga rubutun, kuma gadon 'yan Adam ne duka.

Idan muka bi salsalar kundayen laifuffuka na Nijeriya, za mu ƙara ganin haka. Kundin da ake kira Criminal Code, wanda jihohin Kudu suka gada, an kwaikwayo shi ne daga na jihar Queensland ta Ostareliya na 1899, wanda Samuel Griffith ya tsara yana leƙen kundin Italiya na 1889. Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya biyo ta hannun na Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860, wanda Thomas Macaulay ya jagoranci tsara shi don mutanen da akasarinsu Hindu ne da Musulmi. Batun zina ya isa misali. Dokoki Goma sun hana ta ƙarara, amma kundin Kudu, inda majami'u suka fi yawa, bai sa ta cikin laifuffuka ba. Kundin Arewa ne ya sa ta, a sassa na 387 da 388, don girmama shari'ar Musulunci da al'adun mutanen yankin. Da Attaura ce tushen, da ba haka taswirar za ta kasance ba. Ko auren mace ɗaya da muka ambata, ba ya cikin Dokoki Goma. Al'adar Rumawa ce da koyarwar coci suka haɗu suka haife shi.

Akwai wata shari'a da kowane ɗalibin lauya ya haddace, wadda ta fi kowace bayyana mana inda zaren yake. A 1928, a garin Paisley na Sukotlan, wata mata mai suna May Donoghue ta sha lemon citta, sai ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a cikin kwalbar. Da ƙarar ta kai Majalisar Dattawan Birtaniya a 1932, alƙali Lord Atkin ya ɗauko tambayar nan ta Linjilar Luka, sura ta 10, game da wane ne maƙwabci, ya gina hukuncinsa a kai. Amma da ya ɗauko ta sai ya rage mata tsawo. Addini ya ce ka ƙaunaci maƙwabcinka. Doka ta tsaya a kan kada sakacinka ya cuce shi. A labarin Basamariyen nan, malaman ibada biyu sun wuce mutumin da 'yan fashi suka raunata, ba su taimake shi ba. A ma'aunin addini sun yi babban laifi, amma a dokar Ingila ba mai iya kai su ƙara. Faransa ce ta mayar da ƙin agaza wa wanda ke cikin haɗari laifi, ita da ta raba coci da hukuma tun 1905.

Abin da muka fahimta ke nan: Littafi Mai Tsarki ya shayar da dokar Turai, ya ba alƙalanta harshe da misalai, ya kuma tarbiyyantar da lamirin waɗanda suka rubuta ta. Wannan ba ƙaramin tasiri ba ne. Amma rafi ne guda cikin rafukan da suka cika kogin, tare da dokar Rum, da al'adun ƙabilun Turai, da tunanin masana falsafa, sa'annan a nan gida ga fiƙihun Malikiyya da al'adun gargajiya. Wanda ya tsaya a Lakwaja bai isa ya ɗebi ruwa a ƙasan mahaɗa ya ce wannan na Binuwai ne zalla ba. Kotunan Ingila da kansu sun janye daga maganar Hale a 1917, aka kuma soke laifin saɓo a Ingila a 2008.

Me ya sa wannan ya dame mu? Domin ranar da wani ɓangare ya ce dokar ƙasa mallakar addininsa ce, ya mayar da sauran 'yan ƙasa baƙi a gaban alƙali. Ranar da wani ɓangaren kuma ya gaskata shi, ya sami uzurin raina dokar da ke tsare ransa da dukiyarsa. Ƙasa irin tamu, wadda ta sha zubar da jini a kan abin da bai kai wannan ba, ba za ta iya ɗaukar ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Sa'annan akwai darasin da ya shafi kowannenmu shi kaɗai. Doka tana tsayawa ne inda idon shaida ya tsaya. Ɗalibi yana iya kammala jami'a bai taɓa taka ofishin 'yan sanda ba, alhali ya wulaƙanta uwarsa, ya ci amanar abokinsa, ya kwana yana ƙyashin ɗan ajinsu. Kotu za ta sallame shi, domin ba ta da hurumi a nan. Wannan fili mai faɗi da doka ta bari, aikin gida ne da masallaci da coci, kuma mu da za mu zama iyaye da malamai da alƙalan gobe, a wuyanmu yake. Allah ya sa mu iya sauke shi.