Bayan Takarda

Wani saurayi ɗan Kano ya tafi karatu Amurka, ya sauka wurin kawunsa da ke tuƙa tasi a birnin Houston. Bai daɗe ba sai ga wasiƙa daga wani banki: za a ba shi katin bashi, ba ruwa ko sisi har wata 12. Murna ta kama shi, don ga Babbar Sallah ta ƙarato, yana son aika wa mahaifiyarsa kuɗin rago.

Ya ɗauki waya zai cike fom, sai kawun ya ce, "Tsaya, ɗana. Juya bayan takardar nan."

A can akwai jadawali cikin layukan akwati. Kawun ya ɗora yatsa a kai. "Tun 1988 dokar ƙasar nan ta tilasta wa bankuna su jera cajinsu a nan. Karanta mini."

Saurayin ya karanta. Kuɗin riƙe kati dala 95 duk shekara. Sayayya a wata ƙasa, ƙarin kashi 3 cikin 100. Cire tsabar kuɗi a na'ura, kashi 5. Jinkirin biya, tara. Bayan wata 12 kuwa, ruwa ya haura kashi 25 a shekara.

"Nawa za ka aika gida?"

"Dala 500, Kawu."

"To, in ka cire su a na'ura, dala 25 sun tafi tun kafin kuɗin su shiga aljihunka. Kuma rangwamen nan na sayayya ne kawai. Tsabar kuɗi ruwanta daga ranar da ka cire yake fara hawa."

Jikin saurayin ya yi sanyi. "Ashe tarko ne?"

"Kasuwanci ne, su ma riba suke nema. Dokar 2009 ta ce su ba ka aƙalla kwana 21 tsakanin aiko lissafi da ranar biya. Wanda ya biya duk abin da ya saya cikin wa'adin, ba a ɗora masa ruwa. Haka nake yi, don gudun riba a addini da asara a aljihu."

Saurayin ya ajiye wayar. Kawun ya ranta masa kuɗin ragon, daga baya suka zauna suka gwada takardun bankuna uku, suka zaɓi katin da ba shi da kuɗin shekara.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk wanda zai karɓi bashi, ya fara sanin nawa zai mayar kafin ya sa hannu.