Shiru ma algus ne?



Duk wanda ya taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano ya san rini ba wasa ba ne. A haɗa baba da toka a rami, a bar su kwanaki su jiƙu. Mata su ƙulle zane da zare don fitar da ado, marini ya yi ta tsomawa yana cirowa ya sha iska har shuni ya kama, sannan mabuga su buge shi ya yi ƙyalli.

Yau ga yadin kamfani mai irin wannan adon, ga araha. Sayar da shi halal ne, ba gardama. Amma a ce mace ta taso daga Gella ta zo rumfarka a kasuwar Mubi, ta ɗaga shi ta ce, "Kai, rinin Kano!" Kai kuwa ka yi murmushi, ka karɓi kuɗin rinin Kano. Ka yi ƙarya ko ba ka yi ba?

Wani zai ce ai bakinsa bai furta komai ba. To, ita fa ta yarda ne don ta ga Bahaushe, ta ɗauka ya san kayan gida. Shirun nan ya cuce ta, ya cuci marinin da aka ci da sunansa, ya kuma cuci sauranmu, domin baƙo ba shi da jarin da ya wuce amana.

Faɗa mata gaskiya, ka ci ribar da ta dace. Allah ya tsarkake mana nemanmu, amin.