Cinikin da Doka ta Yarda da Shi, Adalci Ne?

A shekara ta 1939 wani Bazulu mai suna Solomon Linda ya shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo a birnin Johannasbag tare da abokansa mawaƙa, suka rera waƙar da ake kira Mbube, watau zaki. An biya shi 'yan kuɗi kaɗan, waƙar kuwa ta zama ta kamfani. Daga nan ta ƙetare teku. A Amurka aka sāke ta, a 1961 ta fito da sunan The Lion Sleeps Tonight, a 1994 kuma kamfanin Disney ya sa ta cikin fim ɗin The Lion King. Ta tara wa waɗansu dukiya mai yawa. Shi kuwa Linda ya rasu a 1962 cikin talauci.

To, an zalunce shi ke nan? Mai kāre ciniki zai ce a'a. Ba a yi masa ƙwace ba, da hannunsa ya karɓi kuɗi. Mai saye shi ma ya yi kasada, gama waƙoƙi dubu sukan fito su ɓace. In kuwa za a riƙa warware ciniki duk sa'ad da riba ta zo, ba wanda zai amince da alkawari kuma. Wannan magana tana da nauyi.

Amma amincewa iri biyu ce. Akwai ta mutumin da ya san darajar abin da ke hannunsa, yana kuma da ikon ƙi. Akwai ta mabukaci, wanda ba shi da lauya, ba shi da wata ƙofa sai wadda aka buɗe masa. Baƙar fata a Afirka ta Kudu ta wancan zamani ba daidai yake tsayawa da kamfanin Turawa ba. Hakika ya yarda, amma yardar da yunwa ta sa ba ta isa ta wanke mai saye ba.

Dokokin ƙasashe dabam dabam sun gane wannan. A Faransa, marubuci yana iya sayar da ikon buga aikinsa, amma hakkin a ambaci sunansa ba ya sayuwa, ba ya kuma ƙarewa. A Amurka, dokar 1976 ta ba mawallafi ko magādansa dama su soke ciniki bayan shekara 35, in an ƙulla shi daga 1978 zuwa gaba. Dokar Ingila ta 1911, wadda ta yi aiki a Afirka ta Kudu ma, ta tanadi cewa shekara 25 bayan mutuwar mai aikin, hakkin da ya sayar ya koma ga magāda. Hanyoyi uku, amma tushe ɗaya: ranar da ake sayar da waƙa ba wanda ya san darajarta, mai sayarwa kuwa sau da yawa shi ne marar ƙarfi.

Wannan tsohuwar doka ce ta ceci gidan Linda. A 2004 aka kai ƙarar Disney da sunan magādansa, a kan cewa hakkin ya komo musu tun 1987. Kotu ta yarda a riƙe tamburan kasuwanci na kamfanin da ke ƙasar, da kamfanin ya nemi a janye wannan umarni kuma aka ƙi. A 2006, kafin a yanke hukunci, kamfanin Abilene Music, wanda ya ba Disney izinin waƙar, ya yi sulhu: ya biya iyalin, aka ba su rabo, aka kuma amince Linda yana cikin masu waƙar.

Abin lura shi ne, hakkin iyalin bai fara a 2004 ba. Shekara da shekaru masu cin ribar suna da ikon yin daidai, ba wanda ya hana su, amma sai da aka riƙe musu kaya. Doka takan auna iyakar abin da za a tilasta wa mutum, ba ta auna iyakar abin da ya wajaba a kansa. Saboda haka duk mai buga littafin wani, ko mai sayar da waƙar wani, bai kamata ya tsaya ga takarda kaɗai ba. Sai ya duba ko wanda ya yi aikin ya ci daga amfaninsa, ko kuma an bar shi hannu wofi.